Littafin aikin gano ƙwayoyin hanji masu sa zawo ga maruƙa, 'ya'yan tumaki da dabbobin gwaji

3 ga Maris

Yau na buɗe wannan littafi bayan mako guda muna harhaɗa kayan aiki. Abin da aka ɗora mana shi ne mu gano irin ƙwayoyin hanjin da ke tare da ƙananan dabbobi masu zawo a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba, wato garken maruƙa da 'ya'yan tumaki, da kuma ɗakin ɓeraye da zomayen gwaji. An haɗa su cikin aiki ɗaya ne saboda madubin likita ɗaya da ruwan gwaji iri ɗaya za su yi wa duka biyun hidima, kuma dangin ƙwayoyin da ake nema kusan ɗaya ne: Cryptosporidium, Giardia da Eimeria, sai wasu tsutsotsin ciki 'yan kaɗan.

Sharaɗin farko da na kafa shi ne kada a karɓi kwalbar kashi wadda ba a rubuta kwanakin dabbar a jikinta ba, kuma kwanaki nake so, don kalmar "ƙarami" ba ta gaya mini komai. Kowace ƙwaya tana da tsawon lokacin da take ɗauka daga shigarta jiki zuwa fitar ƙwansonta, wato rufaffen kamar ƙwai da take yaɗuwa da shi, a kashi, saboda haka maraƙi ɗan kwana 10 da maraƙi ɗan kwana 40 ba abu ɗaya ake zargi a cikinsu ba, ko da zawonsu ya yi kama.

Sharaɗi na biyu, a ɗebo kashin daga dubura da safar hannu, kada a kwaso daga ƙasa, domin kashin da ya taɓa ƙasa yakan zo da tsutsotsin ƙasa da ƙurar furanni masu ruɗa mai dubawa. A ajiye a firji a kan digiri 4, kada a daskarar. Jinkiri ma yana da illa: ƙwan tsutsar ciki Strongyloides papillosus yana fitowa ne da 'yar tsutsa a naɗe a cikinsa, kuma idan kashin ya kwana a wuri mai ɗumi sai ya ƙyanƙyashe, a duba a rasa shi.

6 ga Maris

Mun dafa ruwan sukari na Sheather, muka auna nauyinsa ya tsaya a 1.27 idan aka kwatanta da ruwa zalla, sannan muka haɗa ruwan zinc sulphate mai nauyin 1.18. Hikimar gwajin tasowa ita ce ruwan ya fi ƙwanso nauyi, sai ƙwanson ya taso sama ya manne a murfin gilashi, dattin kashi kuma ya nutse. Sauran yinin ya tafi wajen daidaita ma'aunin da ke cikin idon madubi, aikin da kowa ke ƙosawa da shi, amma idan ba a yi shi ba duk wani girma da za mu rubuta nan gaba kintace ne.

11 ga Maris

Kwalaben farko sun iso daga maruƙan da ke tsakanin kwana 7 zuwa 16, kashi ruwa-ruwa, mai ruwan ɗorawa, mai warin tsami. A wannan tsakani Cryptosporidium parvum ce ake fara zargi, kuma ita muka samu a yawancinsu.

Ganinta yana da wuya ga wanda bai saba ba. Ƙwansonta bai wuce maikiromita 4 zuwa 6 ba (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), ƙasa da girman jar ƙwayar jinin mutum, kuma a ruwan sukari yakan taso ya tsaya dab da ƙarƙashin murfin gilashi, sama da inda sauran abubuwa ke tsayawa, yana ɗan ƙyalli da launin hoda mai haske. Wanda ya saita madubi a kan tarkacen kashi zai iya duba gilashin gaba ɗaya ya ce babu komai, alhali dubbansu suna can sama da inda idonsa yake. Haka ta faru ga ɗalibar da ke taimaka mini a gilashi biyu na farko, kuma ban ga laifinta ba. Idan gilashin ya daɗe a ajiye kuma, sukari yakan zuƙe ƙwanson ya lotse, saboda haka mun koma haɗa gilashi ɗaya, mu duba, sannan mu haɗa na gaba.

Don tabbatarwa mun shafa kashin siriri a gilashi, muka yi masa rinin Ziehl-Neelsen da aka gyara: jan rini na carbol fuchsin, wankewa da barasa mai asid, sannan koren rini a bayansa. Ƙwanson yana riƙe ja ya fito fili a kan kore. Ƙwayoyin yis, waɗanda girmansu ya yi daidai da na ƙwanson kuma sun cika kashin maraƙi mai shan madara, su kore suke ɗauka, wasu kuma ana ganinsu da ɗan toho a gefe. Da wannan muke raba su.

Ya dace in rubuta a nan cewa wannan ƙwaya da ke wahalar da maruƙa a ɓeran gwaji aka fara ganinta. Ernest Tyzzer ne ya siffanta Cryptosporidium muris a cikin tumbin ɓeraye a 1907, sannan a 1912 ya siffanta C. parvum a ƙaramin hanjinsu. An yi shekaru kusan sittin ana ɗaukarta abin da bai dami kowa ba, sai a 1971 aka ba da rahotonta a maraƙi mai zawo, a 1976 kuma aka same ta a mutane. Barnarta a fuskar bangon hanji take: tana maƙalewa a saman ƙwayoyin da ke tsotse abinci, 'yan yatsun bangon su gajarce, madara ta wuce ba a narkar da sukarinta ba, ta janyo ruwa zuwa cikin hanji. Ƙwanson kuma a shirye yake ya kama wani tun lokacin da ya fito, ba ya jiran nuna a waje, shi ya sa take gama ɗakin maruƙa cikin kwanaki.

14 ga Maris

Rinin yau duka ya lalace. Mun bar barasa mai asid ta daɗe a kan gilasai, ta wanke jan gaba ɗaya, kuma da ba don mun sa gilashin da muka san yana da ƙwayar a cikin jerin ba, da mun rubuta cewa maruƙa bakwai ba su da komai. Daga yau kowane jerin rini zai tafi da irin wannan gilashin shaida.

19 ga Maris

An kawo kashin maraƙi ɗan kwana 3 wanda idanunsa suka zurma, fatar wuyansa kuma idan an ja ba ta komawa da wuri. Mai kula da maruƙan ya so in ce masa ƙwayar makon jiya ce, don a ba shi magani iri ɗaya. Ban samu komai a madubi ba, kuma ban yi tsammanin samu ba, domin a kwana huɗun farko bakteriyar E. coli mai alamar F5 ce ta fi yawan haddasa irin wannan zawo, ita kuwa madubinmu ba ya bambanta ta da 'yan'uwanta marasa cutarwa. Takardar gwajin gaggawa mai layi huɗu, wadda ke neman bairas na rota da na korona, E. coli F5 da Cryptosporidium a lokaci ɗaya, ita ta nuna ta. Da aka bincika sai aka ga maraƙin bai samu dakashi yadda ya kamata ba a sa'o'in farko na haihuwarsa.

Ganin haka na koma na gwada maruƙan 11 ga wata da wannan takarda, sai ga rota tare da Cryptosporidium a wasu daga cikinsu, kuma su ne waɗanda suka fi jigata. Na gyara rahoton da na riga na rubuta: inda na ce ƙwayar ce ta jawo zawon, na mayar da shi an samu ƙwayar a kashin. Bambancin kalmomin ƙarami ne a takarda, amma likitan dabbobi da zai karanta yana gina maganinsa a kansu.

26 ga Maris

Mun shiga 'ya'yan tumaki masu mako 4 zuwa 8, kuma a nan Eimeria ce ta cika gilashi. Ƙwansonta ya ninka na Cryptosporidium girma sau da yawa, mai siffar ƙwai, ana ganinsa da ƙaramin gilashin madubi ba tare da rini ba. Mun ƙirga da gilashin McMaster: giram 4 na kashi a cikin mililita 56 na ruwan tasowa, a cika ɗakuna biyun gilashin, abin da aka ƙirga a cikin layukan a ninka da 50, shi ne adadin da ke cikin giram guda.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, na sa an ɗebo kashin 'yan tumaki masu lafiya daga garke ɗaya don kwatantawa, sai ga wasunsu suna zubar da ƙwanso fiye da masu zawon. Wannan sananne ne ga masu aikin, amma ganinsa da ido daban yake da karanta shi. Tumaki suna ɗauke da nau'o'in Eimeria fiye da goma, kuma biyu ne kawai aka sani da yin mummunar ɓarna, E. ovinoidalis da E. crandallis. Sauran suna iya fitowa dubu-dubu a giram guda ɗan tunkiya yana tsalle-tsallensa. Ƙirga kaɗai ba zai raba mana gardama ba ke nan, dole a san nau'in, nau'in kuma ba ya bayyana sosai sai ƙwanson ya nuna. Mun zuba kashin a faffaɗan faranti cikin ruwan potassium dichromate mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari, siririn zubi don iska ta ratsa shi, muka bar shi a zafin ɗaki, ana motsawa kullum.

2 ga Afrilu

Ƙwanson ya nuna. A cikin kowanne akwai jakunkuna huɗu, kowace jaka da ƙwayoyi biyu, tsarin da ke tabbatar da cewa Eimeria ce. Daga nan sai awo da duban baki: E. crandallis tana da 'yar hula a kan bakin ƙwansonta, E. ovinoidalis ba ta da ita. A 'yan tumaki masu zawo waɗannan biyun ne suka fi yawa, a masu lafiya kuwa manyan nau'o'i ne da ƙanana marasa illa suka mamaye. Akwai gilasai biyu da ni da abokin aikina muka saɓa a kansu, na rubuta su a matsayin waɗanda ba a tantance ba, don girman nau'o'in yana shiga cikin juna.

A yinin nan kuma aka kawo kashin maraƙi ɗan wata biyu, mai jini da majina, kuma an ce yana ta yunƙuri ba abin da ke fita. Ƙwanso kaɗan muka gani, ƙanana, kusan zagayayyu, kimanin maikiromita 18, ba su da baki a bayyane: siffar E. zuernii ke nan, wadda ta bambanta da E. bovis mai siffar ƙwai da tsawon kusan 28. Wannan kishiyar abin da muka gani a tumaki ne, ciwo mai tsanani da ƙwanso ƙalilan, domin bangon babban hanji yakan yage tun kafin ƙwanson ya fara fita da yawa. Na ba da shawarar a fara magani ba tare da jiran ƙirga ta hau ba, a sake kawo kashi bayan kwana biyu. Tun da ƙwayar tana buƙatar kusan mako biyu zuwa uku kafin ta bayyana a kashi, kamuwar ta faru ne tun makonnin da suka wuce.

9 ga Afrilu

Yau aka shiga ɗakin ɓeraye, inda aka ce wasu 'yan yaye masu raunin garkuwar jiki suna ramewa, gashinsu a tashe, bayansu a tanƙware, kashinsu mai laushi yana mannewa a gindin wutsiya. Aikin nan ya sha bamban da na garke. Ƙwayoyin da ake nema masu gashin iyo ne, kuma motsinsu shi ne babbar shaidarsu, saboda haka sai an kankaro bangon hanji daga ɓeran da aka kashe ta hanyar da dokar kula da dabbobin gwaji ta amince da ita, a sa a ɗigon ruwan gishiri mai ɗumi, a duba nan take. Minti kaɗan na sanyi ya isa ya tsayar da su, idan kuwa suka tsaya sai su ɓace cikin tarkace.

Mun fara da buhun hanjin da ke mahaɗar ƙarami da babba, sai gilashi ya cika maƙil da wata ƙwaya mai girma, tana rangaji, da wani siririn labule a gefenta yana kaɗawa. Ɗalibar ta ɗauka mun gama aiki. Tritrichomonas muris ce, kuma ana samunta haka a ɓeraye masu ƙoshin lafiya, kamar yadda muka gani da muka buɗe ɓera daga kejin da ba a yi kuka da shi ba. Yawanta yana ɗauke ido, amma ban sa ta a gaba cikin waɗanda ake zargi ba.

Da muka koma farkon ƙaramin hanji sai muka ga wata, siririya, tsawonta maikiromita 7 zuwa 9, tana wucewa da gudu a miƙe kamar kibiya. Wannan Spironucleus muris ce, mai ɓuya a ramukan bangon hanji, kuma an san ta da jigata ɓeraye 'yan mako uku zuwa shida da marasa garkuwa. Ana iya rikita ta da Giardia muris, wadda take zama a wuri ɗaya da ita, sai dai Giardia faffaɗa ce, tana da faifan mannewa a cikinta, kuma tana juyi a hankali kamar ganyen da ke faɗowa daga bishiya. Hanjin ɓerayen marasa lafiya ya kumbura da ruwa da iska, Spironucleus kuma ta yi yawa a cikinsu, a masu lafiya kuwa ɗaiɗaiku muka gani. Duk da haka na ajiye hanta da hanji don a yanka a duba, saboda akwai bairas na hantar ɓera, akwai kuma cutar Tyzzer, wadda bakteriyar Clostridium piliforme ke haddasawa kuma shi wannan Tyzzer ɗin ne ya siffanta ta a 1917, duka biyun kuwa suna iya ba da irin wannan kama.

Abin da ya fi damun masu binciken da ke gwaji da ɓerayen ma ba ciwon ɓerayen ba ne. Gwajin da suke yi a kan garkuwar jiki ne, kuma ɓeran da hanjinsa ke fama da ƙwaya ba zai ba da sakamako irin na mai lafiya ba, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

12 ga Afrilu

Gwajin salatif, wato a manna shi a gindin wutsiya a ɓamɓaro a duba a madubi, ya nuna ƙwan tsutsar Syphacia obvelata a kejuna biyu, dogo, gefe ɗaya a baje. Aspiculuris tetraptera ba ta ajiye ƙwai a wajen dubura, sai a gwajin tasowa ake kama ta, kuma ba mu gan ta ba. Waɗannan tsutsotsi ba kasafai suke sa zawo ba, na rubuta su ne a wani shafi dabam don mai kula da ɗakin ya shirya abinci mai maganin tsutsa fenbendazole.

17 ga Afrilu

Mun koma kan maruƙa masu wata ɗaya zuwa uku waɗanda kashinsu ke da laushi yau, gobe ya daidaita, kuma ba sa ƙara nauyi yadda ya kamata. A watan jiya na duba wasunsu da ruwan sukari ban ga komai ba. Yau da zinc sulphate da ɗigon aidin sai ga ƙwanson Giardia duodenalis, mai siffar ƙwai, maikiromita 8 zuwa 12, da ɗigogin cibiya har huɗu a ciki. Sukari mai nauyi yana matse shi ya koma kamar jinjirin wata, wanda bai san haka ba kuwa sai ya wuce shi. Kuskuren nawa ne, domin na zaɓi ruwan gwaji ne don abin da nake tsammani.

Giardia ba ta fita kullum, saboda haka za a riƙa ɗebo kashi sau uku a ranaku dabam-dabam kafin a ce maraƙi ba ya da ita. Wadda ta fi yawa a dabbobi masu kofato ita ce rukunin E, mutane kuwa rukunin A da B ne ke kama su, amma a madubi duka kamarsu ɗaya. Leeuwenhoek ya gan ta tun 1681 a kashin kansa da madubin da ya ƙera da hannu, mu kuma da namu na zamani mun wuce ta saboda ruwan da bai dace ba.

23 ga Afrilu

Ɗaya daga cikin masu ɗebo mana kashi ya kwana biyar yana zawo da murɗar ciki, kuma ya fara ne kusan mako guda bayan ya wanke ɗakin ƙananan maruƙa. Na ce ya je asibiti ya gaya musu aikin da yake yi, don ba ko'ina ake neman Cryptosporidium ba sai an ambata. Maraƙi ɗaya yana zubar da miliyoyin ƙwanso a giram guda, kaɗan ƙwarai kuma ya isa ya kama mutum. Ruwan kulorin da muke goge teburi da shi ba ya kashe shi, kuma wannan juriya tana cikin abin da ya sa a 1993 ruwan famfo ya kwantar da mutane kimanin 403,000 a birnin Milwoki na Amurka. Mun koma amfani da ruwan zafi da hydrogen peroxide, da barin wuri ya bushe sarai, an kuma hana shiga da abin sha ɗakin gwaji.

Mai garken ya tambayi batun halofuginone, maganin da ake ba maruƙa saboda Cryptosporidium. Na gaya masa abin da na sani: ana ba da shi kwana bakwai a jere, bayan maraƙi ya sha madara, yana rage zubar da ƙwanso amma ba ya kawar da ƙwayar, kuma tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ƙarama ce, ba a ba maraƙin da ruwan jikinsa ya ƙare. Sauran hukuncin na likitansa ne. Ruwan gishiri da sukari na farfaɗo da jiki shi ne abin da ya ceci yawancin maruƙan da muka bi.

30 ga Afrilu

Zomayen da aka yaye kwanan nan suna da Eimeria iri-iri. A zomo ma nau'i ne ke yanke hukunci, E. intestinalis da E. flavescens su ne masu kisa, E. stiedae kuma a hanyoyin ruwan matsarmama take, tana barin fararen ƙulle-ƙulle a hanta. An sa kashin a dichromate, sai mako mai zuwa.

7 ga Mayu

Ɗakin gwajin ƙwayoyin gado ya dawo mana da rabin samfuran Cryptosporidium ba sakamako. Waɗanda aka zuba wa formalin ne a makon farko, shi kuwa formalin yana adana siffa amma yana ɓata ƙwayoyin gadon da gwajin PCR ke karantawa don gane nau'in. Ban rubuta wannan a takardar umarni ba tun farko, shi ya jawo. Waɗanda aka ajiye a dichromate sun yi aiki, kuma sun nuna C. parvum a maruƙa masu shan madara, C. bovis kuma a wasu da aka yaye waɗanda ba su da zawo, nau'o'i biyu da madubi ba ya iya rabawa.

Maruƙan 11 ga Maris sun girma yanzu, sun daina zubar da abin da suka zubar a lokacin, saboda haka waɗancan samfuran ba su da madadi. Ana sa ran haihuwa a garken cikin mako biyu masu zuwa. Na shirya kwalabe uku-uku ga kowane maraƙi, ɗaya zalla, ɗaya da dichromate, ɗaya da formalin, kuma za a fara ɗiba daga kwana na 3, a maimaita bayan kowane kwana uku har zuwa kwana na 30, masu zawo da marasa zawo baki ɗaya. Yankan hantar ɓeraye bai dawo ba tukuna, zomaye kuma gobe za a buɗe farantinsu.